Akuyar Jatau

Tun da aka wajabta wa kowa sa 'yar raɗa a kunne, ba mai amsa magana nan take. Sai mutum ya ɗan yi shiru, na'urar ta raɗa masa amsar da ta dace, sannan ya buɗe baki.

Jatau ya cire tasa a ƙofar gidan Ladidi, ko da yake cire ta laifi ne. Shekara talatin suka yi suna wasan barkwanci a dandali, ba rubutu, ba bita. Ƙa'idarsu ɗaya ce: duk ƙaryar da ɗaya ya jefo, ɗayan zai cafe ya ƙara mata gishiri.

Ya same ta tana tsince shinkafa. Ya shigo yana jan igiyar da babu ita, kamar wata dabba na turje masa.

"Hajiya, ga akuyarki na dawo da ita. Ta cinye min takardar aure."

A da, da tuni ta rungume akuyar tana cewa dabbar ta fi shi hankali. Ya ga gefen bakinta ya motsa. Sai ta karkatar da kai, ta saurara.

"Sannu da zuwa, Malam Jatau. Ba ni da akuya. In kawo maka ruwa?"

"Bar shi kawai," in ji shi.

Sai da ya kai bakin titi ya lura hannunsa na nan a dunƙule. Bai saki igiyar ba. Ya ja akuyarsa suka tafi gida.