Ƙarangiya a Jikin Jakar Kwamfuta

Ƙarangiya uku Munzali ya cire daga jikin jakar kwamfutar, ya tsaya yana juya su a tafin hannu. Jakar da ke kwana a kabad ɗin asibitin Tabanni, ina ta haɗu da ciyawar daji?

Munzali shi ne mai kula da sito, kuma mutum ne da ko cokali ya sauya wuri sai ya gane. Kwamfutar dai ta Sista Nafisat ce, shugabar asibitin, ita kaɗai ke da lambar sirrinta. A ciki ake ajiye jadawalin fitar masu rigakafi: wane ƙauye, wace rana, ta wace hanya. Sau biyu a bana ɓarayin daji suka tare su a hanyar Kusasu, har aka karya wa ɗaya daga cikinsu, Huseina, hannu, kuma duk a ranakun da ba a faɗa wa kowa ba.

Wata shida ke nan kwamfutar tana nuna gargaɗi idan an kunna ta. Tsarin da ke tafiyar da ita Linux ne, na kyauta, kuma masu kula da shi sun ba wannan fitowar shekara biyar suna toshe mata duk kafar kutse da aka gano. Wa'adin ya cika, sun koma kan sabuwa. Sauko da sabuwar kuwa sai da netwok, abin da Tabanni ba ta gani sai a mafarki. Isaiah, makanikin kwamfuta na Kaduna, ya ce ko da kyautar mota ba zai biyo hanyar nan ba.

"Ki bar ta haka, Sista," Munzali ya sha faɗa mata. "Abin da ke aiki lafiya, me za a taɓa masa?"

Washegarin ganin ƙarangiyar ya jingine sabon babur ɗinsa a bayan sito, ya laɓe. Da hantsi sai ga Jumare, dattijon makiyayin da ke kawo wa asibiti nono. Ya shiga da ƙwarya, ya fito da ƙwarya, amma babbar rigarsa ta kumbura ta gefe ɗaya. Ya kora shanunsa ya nufi daji.

Kwana uku Munzali yana lura, kwana uku jakar tana fita da hantsi, ta dawo bayan azahar da batir a ƙare. Da ya gaishe da dattijon, sai ya amsa a gajarce yana kallon ƙasa. A rana ta huɗu Munzali ya sami Sista Nafisat a ofis.

"Sista, tsohon nan yana kai kwamfutarmu daji. Da idona na gani. Ki bari in kira 'yan sa-kai."

Nafisat ta ɗago ta dube shi.

"Ka tabbata, Malam Munzali?"

"Wallahi. Ki ba ni ita in kulle a sito, can ba mai taɓa ta."

"Ni na ba Baffa Jumare," ta ce. "Akwai wani dutse a makiyayarsa da netwok ke kamawa. Isaiah ya faɗa mini abin da za a danna, na nuna masa. Kullum ta sauko da kaɗan, jiya ta gama. Yanzu sabuwar fitowa ce a kai, da shekarunta biyar."

"Me ya sa ba ki faɗa wa kowa ba?"

"Ranakun da aka tare mu ma ai ban faɗa wa kowa ba."

Ta rufe fuskar kwamfutar, ta ɗauki allura, ta fita wajen matan da ke jira a rumfa. A bakin ƙofa ta ce ya share mata tebur, kamar yadda ya saba.

Munzali ya tura ƙyaure. Ya buɗe kwamfutar, ya ɗora yatsa a kan wani maɓalli guda ya danne, yana ƙirga a zuciya. Tsohon tsarin yana da wata kafa da ba a taɓa toshewa ba, wadda ta nan ya saba shiga: ka riƙe maɓallin minti ɗaya, makullin ya saki da kansa. Ya ƙirga sittin. Ya ƙirga ɗari biyu. Fuskar tana nan tana neman lambar sirri.

Ƙaramar wayar da yake ɓoyewa a cikin safa ta fara motsi. Mutanen dajin da suka saya masa babur ne, suna jiran jadawalin gobe kafin la'asar, kuma su ba a ba su haƙuri.