Na Gida Ne

Ana dab da rufe gwanjon, ya ƙara tayi, agogon ya zama nasa.

Ya san ƙa'idar zaurensu na WhatsApp, inda masu tara tsofaffin agogunan hannu masu nuna lokaci da lamba ke ciniki: duk wanda ya rubuta "na gida ne", wato agogon danginsa ne, sai a janye a bar masa. Wata baƙuwar lamba ta rubuta haka, kuma ya gani sarai. Amma ya daɗe yana farautar irin wannan, na farkon fitowa. Da aka yi masa magana, ya ce sabis ne ya ɗauke.

Ranar Talata ya je tashar Mafara karɓar saƙon. Direban motar Maradun ya miƙo ƙunshin hannu bibbiyu, suka gaisa har da tambayar iyali.

Sai ƙunshin ya fara kuka: tit-tit, tit-tit.

"Huɗu ta yi," in ji direban, bai ko dubi waya ba. "Lokacin sakar wa shinkafa ruwa a Bakura. Baba ya saita shi haka, Allah shi jiƙan shi. Wana ya saida shi ban sani ba, shi ya sa na rubuta 'na gida ne' a zaurenku. Don Allah, Alhaji, kar ka kashe ƙarar ga."