Ɗan Majalisar da Ya Hana Waiwaye

To, tunda ka ce takara za ka tsaya, gyara zama ka ji wani misali. An yi wani ɗan majalisa, shugaban wata jam'iyyar talakawa, wanda bakinsa ba ya gajiya da zancen zaɓe. Zamanin soja sau uku ana ɗaure shi don ya ce a bar jama'a su zaɓi wanda suke so, kuma duk fitowa sai ya ɗora daga inda ya tsaya. Da farar hula suka dawo, ba wanda ya sha a hannunsa: sarkin kasuwa, shugaban 'yan tasha, kai har ladanin unguwarsu sai da ya so a riƙa zaɓensu da ƙuri'a. Shi ya rubuta wa jam'iyya dokar ƙato bayan ƙato: ɗan takara ya tsaya a fili, masu sonsa su jeru a bayansa, kuma kada ya kuskura ya waiwaya sai an gama ƙirga, don kada ya tsorata wani da ido. Kujerarsa ta shugabanci kuwa, shekara goma sha shida ba wanda ya yi ƙarfin halin nema.

Ana nan sai wani mai gyaran rediyo ya ce yana so. Gogan naka ya yi dariya har da tafi, ya ce ai wannan ita ce dimokuraɗiyya. Ranar zaɓe ya zo filin makaranta da babbar riga ta sha sitati, ya tsaya ƙyam cikin rana. Yana jin takun ƙafafu da gyaran murya ta bayansa, daɗi ya kama shi, har ya fara tsara jawabin godiya a zuci. Wuya na yi masa ƙaiƙayin waiwaye, amma doka tasa ce. Da aka busa usur ya juyo, sai ya ga mutum uku: direbansa, surukinsa, da wani tsoho da ya ce shi inuwar rigar ya shigo sha. Layin mai gyaran rediyo kuwa ya zagaye bishiyar mangwaro ya fice ta ƙofa.

Kunya ta rufe shi, zuciya ta ɗebe shi. Ya fizgi lasifika ya ce an yi maguɗi, jama'a ba su waye ba tukuna, a soke zaɓe a kafa kwamitin riƙo. Tsohon nan ya ɗago kai ya ce, "Ranka ya daɗe, na taɓa jin wannan jawabin a rediyo, shekarar da aka fara ɗaure ka. Sai dai mai yinsa kaki ya sa." Mutuminka ya dubi lasifikar, ya miƙa ta ga mai gyaran rediyo.

Ka ga abin da ya sa Hausawa suka ce wanzami ba ya son jarfa.