Hular da Ta Je Sin

"Na saya," in ji baƙon, bai ko nemi ragi ba.

"Na sallama, Allah Ya sa albarka." Tsohon ya miƙa masa hular yana danne murmushi. Shekara da shekaru yana sayar da ɗinkin matarsa a kasuwar Ajingi, bai taɓa samun mai saye irin wannan ba.

"Alhaji, kai za ka sa?"

"Tafiya za ta yi, Baba. Ba ka jin rediyo? Manyan ƙasashe sun ƙulla ciniki, har da mu a ciki. Hanya ta buɗe."

Tsohon ya koma ƙauyensu Toranke yana bugun ƙirji ya ci ɗan birni. Matar dai ta ci gaba da ɗinkinta. Zanen nan ita ta ƙirƙiro shi, da shi gidan ke cin tuwo, ga idonta ya fara hazo.

Kafin damina ta zagayo hanya ta buɗe, amma ta shigowa. Huluna suka zo daga Sin dila-dila, aikin inji, zanenta sak, a farashin da ko zare ba zai saya ba. Tsohon ya yini a rumfa ba wanda ya taya nata. Da yamma ya kawo mata ɗaya.

Ta shafa, ta kai kusa da ido.

"Malam, har kuskuren da na yi a gefe sun kwafa."

Ta soke allurarta a matashi, ba ta sake zaro ta ba.

Baƙo ya samu, masu inji sun samu, masu sa hannu sun sha tafi. Tsohon ya ci ribar kasuwa ɗaya. Ita kuwa, duk Ajingi na yawo da aikinta a ka, ba mai sallama a ƙofarta.