Gwangwani Shida

Karo na tara ke nan Latifa ta leƙa cikin tankin, ruwan kuma yana nan kamar kunun kanwa.

Ta zauna kan bulo ta cire takalmi. Sati biyu tana zarya a kabu-kabu daga Gazawa zuwa wannan ƙauye na bayan Gangara, har bayanta ya daina ciwo ya koma tsami. Mutanen porjen, wato shirin tsabtace ruwan sha da ya turo ta, sun yanke magana. In ruwan tabki bai washe a tankin nan ba zuwa Alhamis, za su kwashe shi su kai wani gari, mata su koma shayar da 'ya'yansu laka.

Abin haushin, aikin ba shi da wuya. Ƙwayoyin laka duk caji iri ɗaya gare su, shi ya sa suke ture juna, ba sa haɗuwa balle su nutse. Garin ƙwayar zogale yana ɗauke da kishiyar cajin. In an zuba daidai, sai turereniya ta ƙare, laka ta dunƙule ta kwanta. In ya yi yawa kuwa, ƙwayoyin su ɗauki sabon caji su koma gidan jiya. A kwalbarta ta gwaji, ruwa yakan fito garau cikin awa guda.

Ta ɗebi na tankin a bututun gilashi, ta jona wayoyi biyu da batir, ta zuba ido. Duhun ruwan ya fara jan jiki zuwa wayar hagu. Laka zalla wayar dama take nufa, wadda aka gyara kuma ba ta motsi. Hagu na nufin zogale ya yi yawa, ko wani abu mai irin halinsa.

Ta riga ta rage awon garin zogale daga gwangwanin tumatir goma zuwa takwas, daga takwas zuwa shida. Da sassafe ake zubawa, kafin ta iso, kuma Inna Habsatu ce ke zubawa, shugabar mata, wadda layin masu sayen geronta ya fi na kowa tsawo ran kasuwa. Jikokinta biyu gudawa ta kwantar da su bana.

"Inna, nawa kika auna?"

"Shida, ɗiyata, yadda kika ce."

Sai zargi ya koma kan Dodo mai amalanke, wanda ke jigilar ruwan rijiya yana sayarwa. Wa zai so tankin ya lalace in ba shi ba? Latifa ta sa wa murfin tankin kwaɗo, ta ba Inna makulli. Dodo ya ji labari, ya daina amsa gaisuwarta. Ruwa bai canza ba.

Ran Alhamis motar porjen ta zo da hantsi. Shugaban tawagar ya ɗebi ruwa a kofi, ya ɗaga shi sama, ya zubar. Aka kwance famfo, aka ɗaure tankin da igiya. Latifa ta tsaya tana kallon ƙurar motar. Ko kuka ba ta da ƙarfin yi, kunya da gajiya sun cinye ta.

Inna Habsatu ta dafa kafaɗarta, idonta jawur.

"Kada ki ɗora wa kanki, ɗiyata. Allah ya ga mun yi iyakar yinmu."

"Na rasa inda na kuskure, Inna."

"Ba ki kuskure ba. Tun da na ga kina rage awo na san garin ne ya ƙare miki, kina jin nauyin faɗa. Ni kuwa shekara arba'in ban taɓa auna wa mutum abu na hana shi gyara ba. Kullum in na zuba shidanki, sai in bi da biyar daga zogalen gidana."