Kwafi Aka Goge

Mari na biyu ya fasa wa Injiniya leɓe. Ƙaton da mai masana'anta ya turo ya ɗora mata wuƙa a wuya.

"Goge rahotannin injin nan, ko in yanka ki!"

Rahotanni tara ne, duk sun nuna an san injin ya lalace tun kafin ya guntule wa mijinta hannu. Ta danna maɓallin gogewa. Allon kwamfuta ya yi fes. Ƙaton ya shure ta a ciki, ya fice.

Dogo, abokin aikinta, ya fito daga ƙarƙashin tebur inda ya ɓuya. Ita kuwa dariya take yi, jini na zuba.

"Kwantar da hankalinka, Dogo. Ka manta kuskurenka da na yi kwana uku ina zaginka a kai? Kwafi manhajarka take miƙa wa umarnin gogewa, ba adireshin ainihin jerin rahotannin ba. Kwafin ne ya tafi, shaidarmu tana nan daram."

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Yaya... don ki daina zagina, ɗazu da safe na gyara."