Hawayen Doña Casilda

Ran da na fara ganin Doña Casilda tana kuka, muna tsakiyar sashen kiɗan nan mai sanyi ne, inda gogena ke jan murya shi kaɗai, Don Fulgencio na bina a hankali da kilabe, akwatin kiɗan nan mai kama da fiyano.

A cocinmu na San Javier kiɗan da limaman dā suka bari muke yi, kuma yadda suka bar shi. Ba a sa wa goge wayar ƙarfe, sai tsarkiyar hanji da ake murzawa a nan garin bayan bikin waliyyi. Tun ina saurayi nake goge, amma ban taɓa sa kowa kuka ba sai jarirai.

Sai ga Doña Casilda, bazawara, son kowa, a bencin gaba tana sharɓar hawaye. Lahadi ta zagayo, ta sake. Ba ta kallon fuskata, gogen take ƙura wa ido. Na ce kunya ce.

"Anselmo, tuzuru ne kai, ba gwani ba," in ji Don Fulgencio. "Ƙila haƙori ke damunta."

"Hassada ce, tsoho. Naka akwatin ko dukansa ka yi, murya ɗaya gare shi."

Na kamu, ba ƙarya. Na rina gashin baki, na koyi lumshe ido, na riƙa jan sauti har Don Fulgencio ya gama nasa ya zauna jirana yana hamma. Da tsarkiyar ta fara lalacewa na ce zan canja, sai ta tare ni a ƙofar coci.

"Don Allah kada ka canja komai, Don Anselmo."

Ranar ko abinci na kasa ci.

Na saka farar riga, na sayi burodin cuku mai zafi, na nufi gidanta. Na same ta zaune a tsakar gida kusa da wani turke.

"Doña Casilda, na ga hawayenki, na san abin da kiɗana ke yi miki. Ki aure ni, ki riƙa ji kullum."

Ta dafe ƙirji.

"Ayya, Don Anselmo! Ragona Lucero ne aka yanka a bikin waliyyi, hanjinsa ne a gogenka. Duk garin nan kai kaɗai ne in ka ja, sai in ji kukansa sak, kamar yana raye."